Takabar da Ba Wanda Ya Sa Ni

Ranar da aka kai ta ban je maƙabarta ba. Mata ba sa zuwa, ko a Kano ko a New York. Maza suka cika motoci suka tsallaka da ita New Jersey inda jama'armu ke binne nasu, mu kuma aka bar mu a falon wanta a Park Hill muna jan carbi. Shi da matarsa su ne masu karɓar gaisuwa. Ni ina can gefe kusa da tarin takalma. Duk wadda ta shigo sai ta gama da su tukuna, sannan ta waiwayo ta ce mini, "Sannu, kin yi rashin ƙawa." Wata har da ƙarawa, wai kada in damu, akwai wata yarinya 'yar Nijar da ke neman wurin zama, sai ta maye ɗakin. Ji fa! Ko ƙasa ba a gama tura mata ba ana nema mini 'yar haya. Na ce na gode.

Ba ƙawata ba ce. Matata ce, ni ma matarta ce, kuma a falon nan babu wanda ya san haka.

Mun yi shekaru muna zaune tare a Parkchester, hawa na biyar. Ita 'yar Zangon Kumasi ce, tana da tebur a titin 125th a Harlem, tana sayar da man kaɗe da sabulun salo da mayafai. Ni bakaniya ce, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, a gefe kuma ina haɗa humra da turaren wuta, sana'ar da na koya wurin kakata 'yar Borno. A idon jama'a mu mata biyu ne marasa miji da suka haɗa haya, kuma wannan ba abin kallo ba ne a garin da haya ke cin mutum da rai. A gaban mutane Yaya nake ce mata. Ɗakuna biyu ne a gidan, ɗayan muka gyara shi da gado da labule da akwatunana don masu zuwa, duk sati sai na shiga na karkaɗe ƙurar gadon da ban taɓa kwana a kai ba.

Dokar da ke kama mutane kan irin zamanmu an soke ta a ƙasar nan tun kafin in zo. Daga baya kuma jihar ta ce har aure a ɗaura. A ranar, wata Baturiya da muke aiki tare, wadda ita kaɗai na taɓa faɗa wa, ta rungume ni tana hawaye, wai yanzu babu sauran tsoro. Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta faɗa, amma ita a tunaninta ɗan sanda nake tsoro. Ni ina ruwana da ɗan sanda? Wadda nake tsoro tana hawa na biyu a benenmu, kuma tana da lambar wayar mahaifiyata.

Hajiya ke nan. Dattijuwa ce, 'yar unguwarmu a Kano, mijinta ya rasu a nan ya bar ta da 'ya'ya, ta riƙe kanta da sayar da gwal da leshi da take sarowa daga Dubai. Ita ce uwar matan Hausawa na wannan yanki gaba ɗaya. In an haihu ita ake fara kira, in an mutu ita ke wankan gawar mata, in miji da mata sun samu saɓani a falonta ake sasantawa. Duk shekara in za ta gida ita ke kai wa Innata saƙo hannu da hannu, ta zauna a ɗakinta su sha fura. Ba muguwa ba ce, wallahi ba muguwa ba ce, ta yi mini abin da dangi ba su yi mini ba. Amma na san ranar da Hajiya ta ce wance ba tamu ba ce, to babu wadda za ta ƙara taka ƙofarki, kuma kafin ki kai hawa na biyar labari ya isa Kano. Innata tsohuwa ce mai hawan jini, ni kaɗai ce 'yarta mace. Wannan shi ne abin da na kwana da shi na tashi da shi duk tsawon zamana a ƙasar nan.

Duk da haka mun je mun ɗaura aure. Marigayiya ce ta matsa, don tana da taurin kai kamar me. Ta ce da Hausarta ta Zango, in ɗayanmu ta kwanta asibiti wa zai bari ɗayar ta shiga? Muka zaɓi ranar aiki da safe, muka shiga jirgin ƙasa mai lamba shida kowa a taragonta daban, muka haɗu a ofishin ɗaurin aure na birni, Baturiyar nan ta tsaya mana shaida. Zobe kam ba mu sa ba, don zobe a wannan yatsa ko makaho ya san ma'anarsa. Sai da muka dawo gida ta zaro wani ɗan ƙunshi daga jakarta, 'yan kunne na gwal ƙanana masu siffar ganye. Ta ce, "Ga sadakinki, kada ki ce na aure ki a banza." Na yi ta dariya har na zauna a ƙasa. Tun daga ranar ban cire su ba, ko wanka da su nake yi.

Hawan jini ne ya ɗauke ta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na jera mata ƙwayoyin kusa da buroshinta, amma ina! Sai ta ce ai jikinta garau take jin sa. Ta faɗi a bakin teburinta da rana tsaka, ta yi kwana biyu ba ta farfaɗo ba. A asibiti an bar ni na shiga, kamar yadda ta ce. Nas ɗin tana ta kirana matar mara lafiya da babbar murya, ni kuma idona na kan ƙofa kada wanta ya shigo ya ji. Ki duba wannan rayuwa, mutuniyarki na mutuwa ke kuma kina gadin bakin nas. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ban san da wa nake fushi ba. Hajiya ce ta yi mata wanka, ni ina zuba ruwa, a matsayin ƙawa.

Da na dawo daga Park Hill ranar, na shiga gida na rufe ƙofa, na tsaya gaban madubi na cire 'yan kunnen. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne kawai ya je ya yi. Na naɗe su a tsumma na sa a cikin kofin shayinta. Na goge kwalli, na cire awarwaro, na ciro wani zane ruwan ƙasa da doguwar riga mara ado. Sai da na gama na gane takaba na shiga.

Na san babu malamin da zai ce ta hau kaina. In na tambaya ma, abin da zai ce sai na gwammace ban tambaya ba. Amma na ga takabar Innata lokacin da Babanmu ya rasu, ina budurwa. Wata huɗu da kwana goma ba turare, ba kwalli, ba lalle, ba gwal, ba kwana a wani gida sai ɗakin miji, ba fita sai da lalura. Na ga yadda unguwa ke sassauta murya in za a wuce ƙofarta, yadda mata ke kawo mata abinci suna zama da ita. A lokacin na ɗauka wahala ce kawai aka ɗora wa mata. Sai da abin ya zo kaina na ga ashe ita ce hanya ɗaya da na sani ta cewa wannan da ya tafi nawa ne. An ba ni hutun mutuwar iyali a wurin aiki, an aiko mini da furanni, na gode musu, amma ni furanni ba su ce mini komai ba. Na ce ko duniya ba ta sani ba, zan yi mata abin da ake yi wa miji, kuma zan kai shi ƙarshe.

Abin da ban lissafa ba shi ne, takaba aba ce da ake gani. Don a gani ma aka yi ta. Ni kuwa sai ga ni ina yin ta ina ɓoye ta a cikin benen da rabinsa matan Hausawa ne, waɗanda ko kalar jan bakinki kika canza sai sun tanka.

Aiki dole in fita, wannan lalura ce. Amma na ce a cire ni daga aikin kwana, don ba zan kwana a wani gida ba. Fita da asuba, dawowa kafin magariba, kai a ƙasa. Sati na farko da na biyu babu wadda ta ce komai, ai kowa ya san an yi mini rashi. Zaman makokin ƙawa kwana uku ne, in an yi kara a kai bakwai, in an ja sosai a kai arba'in. Da arba'in ta wuce sai ido ya fara dawowa kaina.

Ƙamshi ne ya fara tona ni. Da can tun daga bakin lif ake sanin an iso hawa na biyar, saboda turaren wutata. Sau nawa na'urar hayaƙin nan ta silin ta kama ihu, marigayiya ta hau kujera tana yi mata fifita da zani tana zagina, wai wata rana sai na sa an kore mu daga benen. Yanzu kasko na cikin kwaba, kwalabe na cikin akwati, barandar ba ta warin komai sai maganin goge ƙasa. Wata maƙwabciyata ta tare ni a wurin injin wanki ta ce, "Ke lafiya? Hawanku ya koma kamar na Turawa." Na ce likita ne ya hana ni, ƙirjina ba ya son hayaƙi. Ta ce Allah Ya sawwaƙe, amma idonta na kan kunnena. Na ja mayafi na rufe. Daga ranar na koma sa hijabi mai rufe kunne ruf, ni da ba a san ni da shi ba sai a masallaci, sai aka fara cewa mutuwa ta sa na yi ustazanci. Na ce alhamdu lillahi, su tsaya a nan.

Ana cikin haka aka sa bikin autar Hajiya.

Da ta kira ni a waya, tun kafin ta yi magana na san abin da za ta ce. "'Yata, kin san turaren amarya a hannunki yake. Humra, turaren wuta, na tsuguno, duka. Ba na son na kowa sai naki." Duk amaryar da aka yi a benen nan ni na ƙamsasa ta, ta yaya zan ce wa Hajiya a'a a bikin autarta? Na ce to, Hajiya. Na ajiye wayar na yi ta zagaye falo ina yi wa marigayiya masifa a fili. Kin gani ko? Kin ƙi shan magani, kin tafi kin bar ni da Hajiya!

Allah Ya taimake ni ina da ragowar haɗin da na yi tun kafin rasuwar, ya ma tsumu ya fi daɗi. Na ɗauko safar hannu ta roba irin wadda muke sawa a wurin aiki, na ɗaure hanci da ɗankwali, na buɗe tagogi cikin sanyi, na ɗura a kwalabe ina kaffa-kaffa kada ɗigo ya taɓa fatata. In da wani ya leƙo zai ce guba nake haɗawa. Na zuba su a leda uku, wata cikin wata. Ankon bikin kuwa, wani leshi ruwan goro mai duwatsu, na karɓa na ajiye, ban kai wa tela ba.

Na yi niyyar in miƙa kayan a bakin ƙofa in juyo. Ranar ƙunshi ce, da la'asar. Ina ƙwanƙwasawa aka buɗe, falon cike da mata maƙil, mai lalle ta baje kayanta a tsakiya, yara na tsalle ana yi musu tsawa da Hausa suna amsawa da Turanci. Kafin in ce uffan wata ta ja hannuna ciki. "Ga mai turare! Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa." Wata ta ce ina ankona, na ce tela ne ya yi mini halinsu. Mai lalle ta ce in zauna ta zana mini ko yatsu ne, na ce aiki ba ya bari. Aka ce ai yau duk a nan za a kwana, ba mai komawa, na ce ina da fita da asuba. Uzuri uku a jere. Hajiya na zaune a kujerarta tana buɗe ledojin ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta buɗe kwalbar humra ta shinshina, ta lumshe ido ta ce, "Kai, yarinyar nan hannunki da albarka." Ta miƙe ta fara bin mata tana ɗiga wa kowa a tafin hannu, kamar yadda ake yi. Ina ganin tana matsowa, ina ja da baya kaɗan-kaɗan har bayana ya taɓa tebur. Da ta iso kaina ta ce, "Mai abu ai ita ce gaba," ta kamo hannuna ta karkata kwalbar.

Na fizge hannuna. Ba a hankali ba, fizga irin ta wanda wuta ta taɓa, har gwiwar hannuna ta bugi tiren kofuna suka zube. Humrar ta ɗiga a kan kafet. Na ce, "Ƙirjina, Hajiya, likita..." Wata ta ce ai kuwa ta faɗa, ba ta son ƙamshi yanzu, aka shiga kwashe kofuna, hira ta dawo. Amma Hajiya ba ta motsa ba. A garin fizgar hijabina ya zame baya. Ta dubi kunnena, ta dubi idona da babu kwalli, ta dubi wuyan hannuna, ta sauke ido kan zanen nan ruwan ƙasa. Matar da ta yi takaba da kanta a cikin wannan benen, wadda ta zaunar da mata da yawa a tasu takabar, ita na zo na tsaya a gabanta da wannan shiga. Ta rufe kwalbar a hankali ta ce, "Je ki gida, kada magariba ta same ki a waje."

Wannan maganar ba a yi wa mai ciwon ƙirji ita. Mai takaba ake ce wa haka. Na hau matattakala, ban ma tsaya jiran lif ba, na shiga gida na zauna a bayan ƙofa na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

Ban je ɗaurin aure ba, ban je walima ba, kuma babu wanda ya aiko a tambayi dalili. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali. Na daina shiga lif don kada ya tsaya a hawa na biyu. In na sauko daga jirgi na hango mayafi irin na Hajiya a bakin kanti sai in tsallaka titi. In mata biyu suna magana na zo wucewa suka yi shiru, sai in ce to, an fara. In suka gaishe ni da fara'a, sai in ce wannan fara'ar ta yi yawa. Abinci ya ƙi shiga. Tsohuwar da nake kula da ita, wadda ko sunan 'ya'yanta ba ta riƙewa, sai da ta ce mini na rame. Sau biyu ina ɗauko 'yan kunnen daga cikin kofi, in ce bari in mayar, in shafa turare, in sauka in gaida Hajiya a wuce wurin. Sai in dubi kofin in mayar da su. Na yi ƙarya a kan marigayiya a gaban mutane duk tsawon zamanmu, ina kiranta Yaya. Wannan abu ɗaya dai ba zan yanke shi a tsakiya ba.

Rannan muka yi kiciɓis da Hajiya a bakin ƙofar bene, ba hanyar kaucewa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ba 'yata, ba tsokana. Ta ce, "Jibi zan tafi gida. In kina da saƙon Innarki ki kawo." Na haɗa saƙon, magunguna da atamfa da man zafi, na kai na ba 'yarta a bakin ƙofa. Na so in ce a kira mini ita, in faɗi a gabanta in ce Hajiya ki rufa mini asiri, Innata ba za ta ɗauka ba. Amma roƙon kansa ai amsa laifi ne. Na juyo na hau sama.

Makonnin da Hajiya ta yi a Kano ban san yadda na yi su ba. Ina wanke wa tsohuwa jiki ina ganin Hajiya zaune a kan tabarmar Innata, ta ajiye ludayi, ta gyara murya. Duk ƙarar waya sai in ce shi ke nan, labari ya isa. Da Inna ta kira, sai da wayar ta kusa katsewa na ɗauka.

"Hajiya ta zo," in ji ta. "Na ga saƙo, Allah Ya yi miki albarka."

Na ce amin. Na jira.

"Ta ce kin rame."

"Aiki ne, Inna. Me kuma ta ce?"

"Me kike so ta ce? Ta ce mutuwar ƙawar nan taki ta taɓa ki, in riƙa yi miki addu'a. Ke ki ci abinci, kin ji ko? Wanda ya tafi ya tafi."

Na ce to. Da muka gama na kifa kai a kan tebur. Ban samu sauƙi ba, don sai wata zuciyar ta ce ai Hajiya ba za ta faɗa wa mai hawan jini ba, yayyena maza za ta faɗa wa, ko kuma tana jira ta dawo ta tara mata a yi mini a gabana. Haka na yi ta saƙa da warwara har na ji an ce ta dawo, kuma ko da ta dawo ba ta neme ni ba.

Ranar da kwanakin suka cika ta faɗo Asabar, ba ni da aiki. Na san yadda ake yi a gida. Mata na zuwa da safe, a yi wa mai takaba wanka da kitso, a ba ta sabon kaya, a dafa abinci a yi sadaka, a ce ta fita lafiya. Ni kuwa na idar da sallah na zauna a bakin gado da zanen nan da ya koɗe, ban san ta inda zan fara ba. Ashe shiga takaba mutum na iya yi shi kaɗai, fitar ce ke son mutane. Ina nan zaune har rana ta ɗaga, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Na leƙa ta ɗan ramin ƙofa. Hajiya ce, ita kaɗai, tana haki don ƙafarta ba ta son tsayuwa, da babbar leda a hannu ɗaya da kular abinci a ɗayan. Na tsaya riƙe da mariƙin ƙofa ina tunanin in yi kamar ba na nan. Ta ce, "Buɗe, ina jin numfashinki."

Na buɗe. Ta shigo ba ta dube ni ba, ta wuce ta ajiye kular a kicin kamar gidanta. Ta zauna ta fara fito da kaya daga leda tana jerawa a kan kujera: sabulu, soso sabo, atamfa ɗinkakkiya shuɗiya, kwalli, da kwalba ɗaya daga cikin humrar da na kai mata.

"Lissafina ya ba ni yau," in ji ta. "Ko na yi kuskure?"

Na girgiza kai.

"To shiga ki yi wanka."

Na ce, "Hajiya, ni..."

Ta ɗaga hannu. "A'a. Ban tambaye ki komai ba, kada ki faɗa mini komai. Abin da ban ji da kunnena ba, ba za a tambaye ni shi ba, ko a nan ko a can. Ba kuma cewa na yi daidai ne ba, kada ki ɗauka haka. Wannan tsakaninku ne da Ubangijinku. Ni abin da na sani, mace ba ta fita takaba ita kaɗai kamar wadda ba ta da kowa. Shiga ki yi wanka, ruwa na jiranki."

Na yi wanka, na fito na sa atamfar, ta yi mini yawa don na zube. Ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai, ta yi mini kitso guda huɗu manya, tana ja da ƙarfi tana mita wai na bar gashi ya cukurkuɗe kamar na mahaukaciya. Ta sa mini kwalli da hannunta. Ta ɗiga mini humra a tafin hannu, wannan karon na bari. Sannan ta ce, "Ina 'yan kunnen?"

Na ɗago na dube ta.

"Masu ganyen nan. A hannuna marigayiya ta saye su. Ta ce ƙanwarta za ta aika wa a Kumasi, ta yi ta ciniki kamar za ta cire mini rai. Kwana biyu na gan su a kunnenki." Ta tsuke baki. "Ɗauko su."

Shekarun nan duka, ina karkaɗe gadon da ba na kwana a kai, ina shiga tarago daban, ina gadin bakin nas, ashe Hajiya ta sani tun farko. Na tashi na ɗauko kofin shayin, na warware tsumman na miƙa mata. Hujin kunnena ya kusa toshewa. Ta lakato man kaɗe daga cikin na marigayiya da ke kan tebur ta shafa, ta tura na dama ya shiga, na hagu sai da ta danna har ya yi ɗan jini. Ta goge da bakin mayafinta.

Ba ta zauna cin abincin ba, ta ce in raba wa maƙwabta sadaka. Har ta bar benen nan bayan wasu shekaru ba ta ƙara tayar da maganar ba, kuma ba ta ƙara shigowa gidana ba, ko sau ɗaya. Amma ranar, da ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta gyara mayafinta ta tsaya sosai, irin tsayuwar da na ga ana yi wa wanta a Park Hill, ta sassauta murya.

"Ya haƙuri?" in ji ta. "Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙanta, Ya ba ki danganar rashinta."

Na ce haƙuri sai Ma'aiki, kamar yadda ake amsawa. Tun ranar da ta rasu, sai yau wani ya yi mini gaisuwa.